Kawu, kuyangar labarina tana ganin gobe amma ta kasa gudu

Saƙonnin wannan fitowar kusan duk hanya guda suka biyo, labaran almara masu bayi da masu hangen gobe, da alama su ake yayi yanzu a gurup-gurup na marubuta. Na ɗauki biyar, sauran ku yi haƙuri.

TAMBAYA: Salamu alaikum Kawu ina wuni, ya aiki ya zafi. Ni ɗalibar lise ce nan unguwar Zariya nike, ina rubuta labari a salula ina turawa wani gurup na WhatsApp kullum bayan isha'i. Labarin wata yarinya ce Dangana, ta je ɗiban ruwa bakin gulbi mahara suka kama ta aka saida ta gidan wani attajiri ta zama kuyanga, to ita in ta leƙa cikin ƙwaryar ruwa tana ganin abin da zai faru gaba amma ɗan kaɗan. Yanzu 'yan gurup sun taso ni gaba wai in dai tana gani mi ya hana ta ga daren da mai gadi zai yi barci ta gudu, wata ma cewa ta yi Dangana sakarya ce, wallahi raina ya ɓaci na daina turawa. Don Allah Kawu in cire ganin ne gaba ɗaya ko ya zan yi?
Ɗiyarka daga Zariya, Maradi

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata, lafiya lau, zafi kam sai godiya. Kar ki cire, in kika cire ganin nan mi ya rage? Amma 'yan gurup ɗinki ba ƙarya suka yi ba. Kin ce kaɗan take gani, to kaɗan ɗin nawa ne? Ke kanki ba ki yanke ba, shi ya sa inda kika so ta gani sai ta gani, inda bai yi miki ba sai ki ce yau abin bai zo ba, mai karatu kuwa yana lura ko bai yi magana ba.

Ki samu kaye da bik ki rubuta ma ganin nan doka wadda ke kanki ba za ki karya ba ko labarin ya matse ki. Da ni ne, ganin ba zai wuce tsawon riƙe numfashi ba, tana saki ruwa ya koma ruwa. Kuma ba sauti, tana ganin baki na motsi ba ta jin mi aka ce. Babbar ciki, ba a gaya mata yaushe, ko gobe ne ko bayan damina talatin. Da wannan kaɗai kin rufe bakin mai cewa sakarya ce, don ko ta ga ƙofa buɗe mai gadi na gyangyaɗi, wane dare ne? In ta fita daren da ba shi ba sai mari a ƙafa da bulala, ƙila ma a saida ta ga masu ƙetare hamada.

Sannan kar ya zama kyauta. Duk leƙawa ɗaya a ɗauke mata wani abu na baya, yau waƙar da uwarta ke yi in tana daka, wata rana sunan ƙanenta, har ranar da za ta nemi sunan garinsu a bakinta ta rasa. Kin ga ke nan mai son gudu zuwa gida dole ta yi tsimi da leƙen. Ga irin abin da nike nufi:

"Ta ja numfashi ta duƙa. Ruwan ya yi duhu. Ta ga hannu, nata ne don ga tabon wuta a babban yatsa, amma fatar ta yi yaushi jijiyoyi sun fito, yana miƙa ma wani mutum buhun wuri. Mutumin yana magana yana girgiza kai. Numfashi ya ƙwace mata."

To girgiza kan nan na mi ne? Kuɗin fansar ne bai cika ba, ko cewa yake haba Iya ai an daɗe da daina karɓar wuri? Ita ba ta sani ba, 'yan gurup ma ba su sani ba, ki bar su su kwana suna gardama.

Amma abin da na fi so ki yi tunani a kai wani ne daban, na lura duk masu aiko min irin labarin nan suna tsallake shi. Ganin nan na wa ne? A waccan duniyar bawa da abin hannunshi duk na ubangijinshi ne. Attajirin nan naki ranar da ya gane abin da ke cikin gidanshi ba zai bar ta tana wanke-wanke ba, duk ayarin da zai tura Gwanja sayen goro sai an aje mata ƙwarya ta leƙa tukuna, ita ke asarar tunanin uwarta shi ke cin riba. Ga kuma inda abin ya fi ciwo. Akwai murgu a ƙasar Hausa, bawa ya yi sana'arshi yana biyan ubangijinshi wani abu da aka yanke, kamar dai ɗan kabu-kabun da ke kai ma mai moto kuɗinshi kowace yamma, abin da ya rage ya tara, in an yarje mishi fansar kai ya biya kaɗan-kaɗan har ya fita. To wa ke yanke kuɗin fansar? Ubangiji. Duk ranar da maganar Dangana ta tabbata, ayari ya dawo lafiya, darajarta ta hau, kuɗin fansarta ya ƙara nisa. Tana binne wuri cikin tulu bayan murhu, tulu na cika farashi na gudu. Don ki san nauyin abin, Bature Barth da ya shiga Kano a 1851 ya tarar ana canza riyal guda na azurfa a wuri 2,500, kuma da hannu ake ƙirga shi biyar-biyar, ki sa ta zauna tana ƙirga cikin duhu mu ji ƙarar.

Daga nan labarin zai ja kanshi. Hanyar da ta rage mata ita ce ta fara ƙarya don darajarta ta faɗi. Amma in ta ce hanya lafiya alhali ta ga jini, su wa ke ɗauke da kayan ayarin, su wa ke korar jakuna? Bayi ne 'yan uwanta, ƙila har da wanda take so. Ki kai ta wannan mararrabar ki ga ko akwai wadda za ta sake ce mata sakarya.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni mushe ne a wani kwalej nan Tibiri. Na ba yara aikin ƙirƙirar labari, wani ya kawo min na bawa mai mafarkin gobe, ya yi ƙoƙari ƙwarai amma duk jirgin ruwa ne da sarƙa da gonar auduga da Bature mai bulala alhali sunayen mutanen na Hausawa ne. In gyara mishi ko in bar shi?
Wani mushe, Tibiri

AMSA: Barka kadai Mushe, Allah shi ba da ladan koyarwa. Yaron abin da ya gani a tele ya rubuta, kuma bai yi kuskure duka ba. An saida Hausawa zuwa kudu har bakin teku, jiragen ruwa suka kai su Bahiya ta ƙasar Barazil, kuma tawayen da bayi Musulmi suka yi a birnin Salbado a 1835, ko da yake Yarbawa suka fi yawa, akwai Hausawa ciki, an samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. In can yake son kai labarin to hanya a buɗe take, sai dai ya rubuta rake da taba a madadin auduga.

Ni dai da za ka ji tawa ka juyo da shi gida, don abin da ke ƙarƙashin ƙafarshi ya fi wancan yawa. Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunanta suka yo arewa, wajen 1819 Ɗan Kasawa ya zauna Maradi, Gobirawa su ma daga baya suka kafa Tibirin da kuke ciki. Daga nan kusan ƙarnin duka hari ne da ramuwar hari, dawakin Maradi zamanin su Ɗan Baskore suna shiga ƙasar Katsina da Kano su kwaso mutane, na can su ma su zo su kwasa. Wato wanda ya kama ka yarenku ɗaya, ƙila sallarku ɗaya, ƙila ma tsagar fuskarku iri ɗaya. Wannan ya fi Bature mai bulala wuyar rubutawa shi ya sa yaranmu ke kauce mishi.

Kuma ka nuna mishi bauta ba launi guda ba ce. Akwai wanda aka kamo jiya yana kasuwa da igiya a wuya. Akwai na rinji, masu noman gandun ubangiji daga hantsi zuwa azahar sannan kowa ya wuce 'yar gonarshi. Akwai bacucane da aka haifa cikin gida, wanda saida shi abin kunya ne a al'ada amma dai ba ɗa ba ne. Akwai bayin sarki masu doki da bindiga da sarauta, a Kano Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama duk sarautun bayi ne, talaka ɗa na faɗuwa ya gaishe su. Ka tambayi yaron, cikin huɗun nan wane ne mai mafarkin nashi? Don bawan sarki da ya yi mafarkin faɗuwar fada ba murna zai yi ba, shi ma da abin da zai rasa.

In kana son abin karanta musu a aji, ka nemi labarin Dorugu. Yaro ne daga Dambanas a ƙasar Damagaram, aka kama shi yana ɗan shekara goma sha, aka yi ta saida shi har Kukawa ta Barno, can wani Bajamushe Overweg ya 'yanta shi, bayan mutuwar wannan ya bi Barth har Tumbutu, a 1855 ya isa Ingila. A can ya ba wani mai suna Schön labarin rayuwarshi da Hausa, yana cikin littafin Magana Hausa na 1885. Bakin yaron da abin ya faɗa ma ne kai tsaye, kuma ɗan ƙasar nan.

TAMBAYA: Kawu ni tsoro nike ji. Na fara irin wannan labarin sai yayata ta ce shirka nike rubutawa tunda Allah kaɗai ya san gaibu, ta ce in goge. Gaskiya ne?
Ƙanenka daga Ali Ɗan Tsoho

AMSA: Ƙanena fatawa ta malamai ce, ka je ka samu malamin da ka yarda da shi da rubutun a hannunka, ya karanta tukuna ya yi hukunci. Yayarka kuwa ba daga sama ta ɗauko maganar ba. Ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman ta ce babu ran da ya san abin da zai aikata gobe, babu ran da ya san ƙasar da zai mutu. A Sahihu Muslim an ruwaito wanda ya je ma mai duba ya tambaye shi ba a karɓar sallarshi ta kwana arba'in. Don haka labarin da zai sa mai karatu ya rufe salula ya nufi gidan mai bugun ƙasa, ni ma ba na bayanshi.

Ta fuskar rubutu dai, wadda ita ce tawa, iyakar nan taimako ce. An ruwaito cewa abin da aljani ya sato ya kai ma boka kalma ɗaya ce ta gaskiya sai a cakuɗa ta da ƙarya ɗari. To ga ɗan wasa an ba ka a hannu, boka mai zana gidaje sha shida kan rairayi yana cika baki, mai abu ɗaya na gaskiya da shi kanshi bai san wanne ba ne. Ka kuma sake karanta Suratu Yusuf a natse. Yana yaro aka nuna mishi taurari goma sha ɗaya da rana da wata suna sujada gare shi. Ba a nuna mishi rijiya ba, ba a nuna mishi ranar da za a saida shi kan 'yan dirhami ƙidayayyu ba, ba a nuna mishi kurkuku ba. Ban ce ka kwatanta ɗan labarinka da Annabi ba, kul, kar ka ba shi wahayi kar ka sa ya ce ya san gaibu. Ka dai lura da yawan abin da aka bari a rufe tsakanin mafarkin da cikarshi. Mutumin labarinka ya riƙa kuskuren fassara, ya riƙa cewa Allahu a'alamu, kuma wani lokaci abin da ya guje ma gudun nashi ne zai kai shi gare shi.

TAMBAYA: Malam gaskiya ban ji daɗin yadda kuke ɗaure ma yara gindi suna tono maganar bauta ba. Abu ya wuce tun zamanin Nasara, kowa ya zama ɗaya, mi ye amfanin tada zaune tsaye? Gobe sai ka ji yaro na ce ma ɗan uwanshi kakanka bawan kakana ne. A bar kaza cikin gashinta.
Wani dattijo, Sabon Gari

AMSA: Ranka shi daɗe Baba, na gode da ka rubuto, kuma rabin maganarka na karɓa hannu biyu. Yara ku ji, ba a sa sunan gida na gaske ko zuri'a ta gaske ko ƙauyen da kowa ya sani a ce waɗannan bayi ne. Almara kuke rubutawa, ku ƙirƙiri gari ku ƙirƙiri sarki. Wanda ya yi amfani da labari don ya muzanta maƙwabcinshi ba zan buga mishi ko layi ɗaya a filin nan ba.

Amma cewa abu ya wuce, a nan Baba ka yi min haƙuri. Faransa ta fitar da dokar hana cinikin bayi a ƙasashen nan tun 1905, amma sai 2003 Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka, ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Ba a yin doka don abin da babu. Ƙungiyar Timidria tun 1991 take wannan faɗan. Hadijatou Mani ta wajen Ƙonni, a 1996 aka saida ta tana da shekara 12 kan jikka 240, ta zama wahaya, wato baiwar da ake ajewa kamar mata ta biyar ba tare da an ɗaura aure ba. A 2005 wanda ya saye ta ya ba ta takardar 'yanci sannan ya ce ai matarshi ce ba inda za ta, da ta auri wanda take so kotu ta yanke mata wata shida wai ta yi aure kan aure. Sai ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, da ta zauna Yamai ta ce gwamnati ta gaza kare ta, a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Wannan ba zamanin Nasara ba ne Baba, muna da salula a aljihu aka yi shi. Kuma kai ka fi ni sani, har gobe in aka zo neman aure akwai gidajen da ake aika tsohuwa ta binciko asali a ɓoye, in ta dawo da wata magana sai a ce ma yaro Allah bai yi ba, ba wanda zai gaya mishi dalili.

Shi ya sa nike ce ma marubutan nan kar su tsaya ranar da aka 'yanta mutum su rubuta tammat. Washegari fa? Ina za ta kwana, gonar wa za ta noma, wa zai ba ɗanta mata, ranar sallah za ta je gaida tsohon ubangiji ko ba za ta ba? Takarda a hannu ba ta hana a ce kai na wane ne. Almara tana da wata dama da littafin tarihi bai da ita, jikan mai gida da jikan na rinji suna iya karanta labarin Dangana a gurup ɗaya su yi mata kuka tare ba tare da an nuna kowa da yatsa ba. Ni ina ganin wannan ya fi shirun.

TAMBAYA: Kawu a nawa labarin ɗan sarki ne zai ga kuyangar ya so ta ya aure ta shi ke nan ta samu ɗiyauci. 'Yan gurup sun ce haka suke so. Ya yi?
Ɗiyarka daga Madarunfa

AMSA: Ɗiyata 'yan gurup kullum haka suke so, in kika biye musu duk labaran duniya a ɗakin amarya za su ƙare. Ni bai yi min ba, don duk wahalar da yarinyar ta sha sai ya zama kyan fuskarta ne ya fisshe ta, sauran kuyangin da ba su da dogon hanci fa? Kuma a zamanin da kike rubutawa ɗan sarki bai da buƙatar aurenta, sa-ɗaka zai yi da ita. Abin da fiƙihun Malikiyya ya tanada shi ne in ƙwarƙwara ta haifa ma ubangijinta to ɗan ɗa ne, ita ba a saida ta kuma, amma 'yancinta sai ranar da ya mutu. To ki riƙe ɗan sarkin naki, ki bar shi ya so ta da gaske ita ma ta so shi, ta haifa mishi ɗa. Sannan wata rana ta leƙa ta ga makara ana fitowa da ita daga turakarshi, shi da saurayin gemunshi ko furfura ɗaya babu, ga ƙoƙon fura a gefe da ta san hannun da ya dama. Ta gaya mishi ko ta yi shiru? Ki rubuta min wannan babin ki aiko, kar ya wuce shafi huɗu, kuma don Allah ki riƙa sa aya da waƙafi, saƙon nan naki sai da na sa madubin ido na biyu.